Rumbun da munka girka cikin tsohuwar kwamfuta

Ƴan uwa masu saurare, na cikin garin Dogon Dutsi da na Tibiri, da na Matankari, Kiyeshe, Gesheme, Dumega da Kore Mairuwa, har da ƴan Arewa da neman abinci ya kai Yamai, Kwatano ko Abijan. Yau maganar kwamfuta zan yi, amma kar kowa ya gudu. Magana ce ta kuɗin aljihunmu, da ta muryoyin tsofaffinmu da ke ɓacewa muna ji muna gani.

Ku ɗauki shirin rediyo guda na rabin awa, a ce hira da malamin dabbobi kan allurar rigakafi. An gama shiri, wani ya tura shi cikin gurup na WhatsApp, mutum ɗari sun buɗe. To wannan murya ba daga salular mai turawa take tsallakowa zuwa taka kai tsaye ba. Sai ta hau eriya, ta je can injinan kamfanin a wata ƙasa, sannan ta juyo ta sauka cikin salular maƙwabcinsa da dangar kara kaɗai ta raba su. Mai turawa ya biya mega, mutum ɗarin nan ma kowa ya biya nasa. Kaya guda, an biya masa kuɗin mota sau ɗari da ɗaya. Bayan wata biyu salula ta cika, an goge. Ko ta faɗa ruwa, ko an zare ta ranar kasuwa. In ka tashi neman shirin, duk wanda ka tambaya sai ya ce maka wallahi da yana da shi.

Wannan ne ya sa mu huɗu a fadarmu, a shekarar 2024, munka ce bari mu gwada ajiye kayanmu a gida. Abin da munka girka shi ne wanda masu Faransanci ke kira sarber, ƴan Najeriya su ce saba, masu fassara kuma sunka raɗa masa suna uwar garke. Duk sunan da ka ba ta, kwamfuta ce da ba ta barci. Aikinta ta zauna tana jira, in salula ta tambaye ta abu, ta ɗauko ta miƙa. Duk abin da ka taɓa buɗewa a intanet, wata saba ce a wani wuri ta miƙo maka shi. Tambayar da munka yi wa kanmu ita ce, me zai hana wurin nan ya zama Dutsi?

Kwamfutar da munka samu tsohuwar ta hannu ce, wani yayanmu ya kawo ta daga Kwatano shekaru da dama da sunka wuce. An jingine ta saboda nauyi: in ka kunna ta, sai shayin farko ya nuna kafin ta buɗe. Ƙwaƙwalwarta giga biyu ce kacal, salulolin yaran yanzu ma sun fi ta. Amma tana da abu guda da babbar kwamfutar biro ba ta da shi, wato batir a jikinta. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ta ba sai Maris na 2024. Wanda ya ga wannan zama ya san duk abin da za ka girka a ƙasar nan, tilas ka fara da tambayar: in kuran ya ɗauke fa? Kwamfutar hannu, in wuta ta yanke, tana ci gaba da batirinta har a juya ta kan pano. Mun canza mata batir, munka haɗa da pano guda da batirin sola. In an kashe gilashinta, wutar da take ci ba ta wuce ta ƙwan fitila ɗaya ko biyu ba.

Aikin hawa biyu ne, kuma yana da kyau a rarrabe su. Hawa na farko shi ne tsarin da ke tafiyar da kwamfutar kanta, kamar yadda Android ke tafiyar da salula. Hawa na biyu shi ne ƴar manhajar da ke zaune bakin ƙofa tana miƙa wa mutane kaya. Na farkon kamar ginin shago ne, na biyun kuma mai awo.

A hawa na farko mun ɗauki Debian. Tsari ne na kyauta, daga dangin Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Debian kuma wani Ba'amurke ne, Ian Murdock, ya kafa shi a 1993, kuma har yau ƴan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban ke kula da shi. Ba a sayen lasisi, ba a satar lamba, ba wanda zai aiko maka da saƙo cewa kwafinka na jabu ne. Akwai ƙanensa Ubuntu da ya fito a 2004, shi ma yana wannan aiki lahiya lau. Mu dai Debian na 12 munka ɗauka, wanda ya fito a watan Yuni na 2023.

Ga yadda ake yi a taƙaice. Ana sauko da Debian sau ɗaya daga intanet, mu da tsakar dare munka yi, lokacin da rezo ya fi sakewa. A zuba shi cikin kile USB, a soka a kwamfuta, a tayar da ita daga kilen. Zai tambaye ka harshe, mu mun zaɓi Faransanci. Zai tambayi sunan da za a ba injin da kalmar sirri. Zai kuma gaya maka cewa duk abin da ke cikin faifan zai goge, don haka mai hotunan biki a ciki ya kwashe tun da wuri. Wurin da ya fi muhimmanci yana zuwa kusan ƙarshe, inda yake jero abubuwan da za a girka. A nan ake cire alamar da ke kan tebur mai hotuna da gumaka, a bar kayan aiki na asali da SSH, wanda ke ba ka dama ka shiga injin daga wata kwamfuta ko salula ba tare da ka taɓa shi ba.

Da ta tashi, baƙin allo ne da farin rubutu, ba hoto ko guda. Wani ƙanenmu da ke leƙe ya ce: "Yaya, kun kashe ta ke nan?" Na ce masa yanzu ma ta samu lahiya. Duk nauyin da take yi a da, kayan ado ne ke cinye ƙarfinta. Jakin da za a ɗora wa buhunan hatsi ba a fara ɗora masa sirdi da jalala. Saba ba ta bukatar kowa ya kalle ta, don haka duk ɗan ƙarfin da gare ta ya tafi ga aiki.

Akwai wani ɗan gyara da masu kwamfutar hannu za su bukata. In ka rufe murfinta, barci take yi, saba kuwa in ta yi barci aiki ya tsaya. Ana buɗe fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf, a mayar da layin murfin ya zama HandleLidSwitch=ignore, a sake tayar da ita. Daga nan ko an rufe ta an ɗora kan kanta, tana farke.

Hawa na biyu shi ne mai awon. Sun fi ɗaya a kasuwa. Akwai Apache, dattijo tun 1995. Akwai lighttpd na wani Bajamushe, Jan Kneschke, da ya fito a 2003. Akwai kuma nginx, ana furta shi enjin-eks, wanda Igor Sysoev ya rubuta a Rasha don kamfanin Rambler, ya sake shi ga jama'a a 2004. Shi munka ɗauka, kuma ga dalili. Tsohon salon da aka saba shi ne, duk baƙon da ya zo sai a ware masa ma'aikaci nasa, ya tsaya kansa har ya gama. Baƙi hamsin, ma'aikata hamsin, kowane yana cin ƙwaƙwalwar injin. Shi nginx salon mai shayin tasha gare shi: mutum guda ne, ya zuba wa wannan, kafin ya shanye ya yanka wa wancan burodi, ya karɓi kuɗin na uku, ba ya tsayawa kallon bakin kowa. Ma'aikata ƙalilan ke ɗaukar jama'a masu yawa. An ƙera shi ne don ya iya da mutum dubu goma a lokaci guda, kuma yau yana cikin manhajojin da sunka fi ɗaukar kayan intanet a duniya. Apache ma ya koyi wannan salo daga baya, ba a raina shi. Amma ga tsohuwa mai giga biyu, wadda ke shan wutar pano, mara nauyin munka ga ya dace.

Girka shi layi biyu ne. Ka shiga a matsayin mai gida, wanda tsarin ke kira root, ka rubuta:

apt update

apt install nginx

Shi ke nan. Girmansa bai kai na bidiyon waƙa guda ba. Kafin a zuba shayi na biyu ya sauka, ya tashi da kansa, kuma duk ranar da aka kunna injin zai tashi ba sai an ce masa ba. Daga wannan lokacin ba mu ƙara bukatar intanet ba sai in za a sabunta shi.

Saura yadda salula za ta same shi. Mun samo ƙaramin akwatin wifi, irin wanda ake gani a biro, munka haɗa shi da kwamfutar da waya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, akwatin wifi yana aikinsa ko babu sim, ko babu intanet. Yana haɗa duk na'urorin da ke kusa su ga juna. A cikinsa munka ɗaure wa sabar lamba guda da ba ta canzawa, 192.168.1.10, munka rubuta ta da alli a jikin ƙofa. Mutum ya zo, ya kama wifi, ya buɗe Chrome ko abin da yake da shi, ya rubuta lambar, sai ga shi a ciki. Abu guda muke gaya wa kowa: ka kashe datarka tukuna. Salula in ta ga wifi ba intanet sai ta yi ƙorafi, wata ma ta sulale ta koma kan data ba ka sani ba.

Kayan da za a raba ana zuba su a /var/www/html. Da farko wata gaisuwa ce ta Turanci ke fitowa, ita ce shaidar cewa aiki ya yi. Ana cire ta, a buɗe fayil ɗin /etc/nginx/sites-available/default a ƙara layi biyu. Na farko autoindex on; wanda ke sa ya jero duk abin da ke cikin jaka kamar yadda mai tebur ke baza kaya. Na biyu charset utf-8; kuma wannan don Hausa ne musamman. In babu shi, haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai su fito kamar tsutsotsi, Ɗan Kasari ya koma abin da ba mai iya karantawa. Bayan kowane gyara ana rubuta nginx -t don ya duba ko an manta wata alama, in ya ce lahiya, sai systemctl reload nginx. Iyakar karatun ke nan. Wanda ya iya sa wa salula sabon gilashi ya fi ƙarfin wannan.

Ranar gwaji mun tara samari da ƴan mata sun fi ashirin, kowa ya jawo shiri guda a lokaci ɗaya. Tsohuwa ko gezau. Abin da ke cin minti goma a rezo, yana katsewa yana dawowa, ya sauka kafin mutum ya gyara zama, kuma ba a cire wa kowa ko dala ba. Wani ya ce ai wannan Xender ce. Na ce ƙwarai, sai dai Xender ce da ba ta tashi ta tahi gida da magariba, ba ta kuma ce maka ta goge.

Jaka uku munka buɗe. Ta farko shirye-shiryen rediyo da masu su sunka yarda a ajiye: noma, kiwo, lahiyar mata da yara, sanarwa. Ta biyu ta ƴan lakkwal ce, tsofaffin tambayoyin jarrabawar BEPC da BAC da wasu mushe sunka tara shekara da shekaru a kwali, munka ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya. A gefe kuma mun ƙara Kiwix, manhajar da Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin sunka ƙirƙiro a 2007 don a karanta Wikipedia ba intanet. Mun zuba ta Faransanci marar hotuna, don ta fi sauƙin saukewa, da ta Hausa. Yarinyar da aka ba aikin gida kan Kogin Kwara ko kan zagayawar jini, yanzu ba sai ta roƙi innarta kuɗin forfe ba.

Jaka ta uku ita ce ta fi tsaya mini a rai, ita munka kira Tarihi. Duniya ta san Arewa da Sarauniya Mangu da yaƙin Lugu na watan Afrilun 1899, lokacin da ta tsaya gaban rundunar Voulet da Chanoine. Amma ta wace hanya ta sani? Ta littafin Abdoulaye Mamani na 1980, da Faransanci. Ta fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Wanda ke son tarihin sarautar Matankari da na Bagaji kuma sai a nuna masa littafin Marc-Henri Piault na 1970, shi ma da Faransanci. Allah ya saka musu, sun yi aikinsu. Amma yadda kakanninmu ke faɗin abin da bakinsu, da Arewancinsu, da kirarin da ke ciki, da sunayen rijiyoyi da gonakin da aka yi abin, wannan ina yake?

Ba yau aka fara ɗaukar muryar mutanen karkara a ƙasar nan ba. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, malamai na yawo da rakoda ƙauye-ƙauye suna ɗaukar ra'ayin manoma ana sakawa a gidan rediyon ƙasa. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda tun 1968 aikinta ke nan, tattara tarihin baka. Akwai IRSH ta jami'a. Duk suna nan, amma tsakaninmu da su fiye da kilomita 270 ne. Yaron Sukukutan ko na Dogon Kirya ba zai hau mota ya je Yamai don ya ji muryar kakansa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai dai wannan jaka ta koya mana cewa abin ba na waya da batir ba ne kaɗai. Mun je wurin wani dattijo a yankin Matankari, wanda kowa ya san shi da sanin asalin gidaje. Bayan gaisuwa na ce: "Baba, so muke mu ɗauki maganarka mu ajiye, don jikoki." Ya ce: "Ku ajiye ina, ɗana?" Na ce cikin wani akwati ne, nan Dutsi, ba ya zuwa ko'ina. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Rumbu na ji. To wa ke riƙe da makulli?" Na faɗa masa. Ya ce: "To akwai wadda zan faɗi don kowa shi ji. Akwai wadda in na zo kanta, sai ka kashe abin naka. Wagga ba ta kasuwa ba ce." Haka munka yi. Inda ya ce a kashe, an kashe.

Daga wannan zama munka kafa doka uku. Ba a sa muryar kowa sai da izininsa, kuma sai an sake kunna masa ya ji. Wanda ya dawo ya ce a cire tasa, a cire ba gardama. Sannan kowa na iya ɗauka, amma mutum biyu kaɗai ke iya zubawa ko gogewa. A ƙasa irin tamu, inda maganar sarauta da iyakar gona da al'adun gargajiya ke iya tayar da husuma tsakanin dangi, wanda ke zuba kaya a rumbun jama'a dole ya zama mai hankali. Saba ba ta san gaskiya da ƙarya ba, abin da aka ba ta shi take miƙawa.

Na ji ƙorafi iri uku, kuma kowane yana da gaskiyarsa. Masu tura waƙoƙi da fina-finai a memori a bakin kasuwa sun ce za mu kashe musu sana'a. Mun gaya musu ba fim ko waƙar kowa a ciki, kuma ba za a sa ba, don hakkin masu su ne. Hasali ma su ne sunka fi kowa dacewa da koyon wannan aiki, tunda sun riga sun san fayil da jaka. Iyaye kuma sun ji tsoron kar wuri ya zama matattarar kallon banza. Amsar ita ce, a nan abin da munka zuba kaɗai ake gani, kuma kowane uba na iya zuwa ya duba jerin da idonsa, abin da ba zai iya yi da intanet ba. Na ukun su ne masu cewa wahalar banza ce, tunda rezo na ƙara ƙarfi, ga intanet na tauraron ɗan adam ya shigo. Allah ya ƙaro. Amma ko an kawo kasuwa ƙofar gidanka, ba ka rushe rumbunka. Intanet na kawo mana kayan wasu, kuma muna so. Namu kayan, in ba mu ajiye ba, ba wanda zai ajiye mana.

Kada kuma in yi muku daɗin baki. Abin yana da iyaka. Wifi ba ya wuce tsakar gida da ƴar rumfar da ke waje, sai mutum ya tako da ƙafarsa. Ɗan uwa da ke Abijan ba zai gani ba, don da gangan ba mu buɗe ta ga intanet ba: buɗewa na bukatar kuɗin wata-wata da tsaro mai ƙarfi, in ba haka ba ɓarayin intanet su shiga su yi ɓarna. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Mun ɗora ta kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, kuma duk mako ana hure mata ƙura. Faifan da ke ciki tsoho ne, ranar da zai mutu ba zai yi sallama ba. Saboda haka duk Juma'a ana kwafe komai a wani faifai na dabam, a kai shi wani gida a wata unguwa. Gobara ko ɓarawo ba sa cin gida biyu dare ɗaya, in Allah ya so.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ƙura ba ne, mutum ne. Duk mun san ɗakunan da aka cika da kwamfutoci a zamanin wani proje, aka yi biki, aka yanka kirtani, aka ɗauki hoto. Da mai kula da su ya samu canjin wurin aiki, ya tafi da kalmar sirri a kansa, yau gizo-gizo ke karatu a ciki. Ba injin ne ya mutu ba, sanin ne ya bar gari. Don haka duk abin da munka rubuta a baƙin allon nan, mun kwafe shi da biro a cikin kaye, layi bayan layi, da bayani da Hausa a gefe. Mun kuma zaunar da yara biyu ƴan lise, mace da namiji, munka goge wata kwamfutar aro munka ce su girka daga farko ba mai taimaka musu. Yarinyar ta riga gamawa. Kalmar sirri kuma tana cikin ambulan a hannun wani dattijon unguwa da ba ya ko taɓa kwamfuta, amma kowa ya yarda da amanarsa.

Kira na ga shugabannin makarantu, da masu gidajen rediyon al'umma, da masu jagorancin kananan hukumominmu goma na Dutsi da Tibiri: kafin a rubuta takardar neman taimako, a buɗe kabad tukuna. Da wuya a rasa tsohuwar kwamfutar da aka yanke wa ƙauna. Ƴan uwa na ci-rani kuma, in za ku zo gida da salla, wadda kunka daina aiki da ita kar ku bar ta a can. Abin da ake bukata ita ce, da akwatin wifi, da pano, da yaro ko yarinya mai haƙurin karatu. Wanda ke da kaset na tsohuwar hira ko na wani taron gari a ƙasan akwati, ya fiddo shi tun zaren bai manne ba. Wanda kuma kakarsa ke da rai, kuma tana da labari, ya je ya gaishe ta wannan makon, ya nemi izininta.

Allah ya ja kwanan tsofaffinmu, ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya ba mu damina mai albarka da zaman lahiya a Arewa da Nijar baki ɗaya.